Darasi: Labari Cikin Waƙa da Fuskokin Ƙauna

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da labari cikin waƙa, ya bambanta shi da zube;
2. gane ɗango da baiti da amsa-amo in ya gan su a takarda;
3. kawo hujja daga adabin Hausawa da na Abzinawa cewa ƙauna ta fi soyayyar saurayi da budurwa faɗi;
4. tsara baiti biyu ko uku da muryar wani mutum daban.

Garuruwan da aiki ya tara

Kafin a fara haƙar yuraniyom babu birni a inda Arlit take a yau. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa ta saboda kamfanin SOMAIR, wanda ya fara fitar da ma'adini a 1971. Akokan ta biyo baya saboda COMINAK, da ya fara fitar da ma'adini daga ramin Akuta a 1978. Ma'aikatun nan ba sa tafiya sai da wuta, shi ya sa aka kafa SONICHAR a 1975 don a haƙo gawayin ƙasa a Anu Araren, kimanin kilomita 75 daga Agadas, a ƙona shi a samar da lantarkin da ke tafiyar da injinan ma'adinai, yake kuma haskaka garuruwan yankin har da Agadas kanta. Masu aikin sun taho daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Doso da Yamai, suka tarar da Abzinawa masu ƙasar, aka zauna katanga ɗaya. Duk wanda ya san waɗannan garuruwa ya san rabuwa ba baƙuwa ba ce a cikinsu. Miji yana nan, matarsa tana ƙauye. Kaka tana Madawa, jikanta yana Akokan bai taɓa taka gonar gidansu ba. Uba yana aikin dare, ɗa yana lakkwal da rana, sai su yi kwanaki ba su zauna tabarma ɗaya ba. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, wasu iyalai suka ɗaure kaya suka koma kudu da yaran da ba su san wani gida ba sai arewa.

Matashin da ya tashi a irin wannan wuri ya san ƙauna iri-iri tun bai kai shekara ashirin ba. Ya san tausayin uba, da kewar kaka, da amanar aboki, da son garin da ƙurarsa ke shiga ido, ya kuma san bugun zuciya in ya ga wadda yake so. Sai dai in ya kunna wayarsa, waƙoƙi da finafinan da zai tarar kusan duk a kan na ƙarshen nan suke magana. Sauran ba su da mai faɗa. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa guda ɗaya ne: labarin da aka tsara cikin waƙa shi ne rubutun da ya fi dacewa ya ɗauki ƙauna da dukan faɗinta ya kai wa matasanmu, kuma ya kamata mu iyaye da yayye mu iya karanta shi, mu iya auna shi, har mu gwada rubuta shi.

Mene ne labari cikin waƙa?

In mutum ya buɗe littafi irin *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, zai ga rubutu ya cika shafi daga gefe zuwa gefe, jimla tana bin jimla. Wannan shi ne zube. In kuwa ya buɗe rubutacciyar waƙa, zai ga gajerun layuka da fili a gefensu, an tara su biyu-biyu ko huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Yawancin waƙoƙin da muka saba ji wa'azi ne ko yabo ko faɗakarwa, ba su da wani labari da suke bi. Labari cikin waƙa ya haɗa biyun. Yana da tauraro, da matsalar da ta same shi, da farko da tsakiya da ƙarshe kamar kowane ƙagaggen labari, amma a baitoci aka zuba shi. Littafi ɗaya yana iya ƙunsar gajerun waƙoƙi da yawa, kowace tana ɗauke da abu guda da ya faru, in an karanta su a jere sai labarin ya fito.

> AKWATIN KALMOMI (1)
> Zube: rubutun da ke tafiya jimla bayan jimla, ba a yanka shi layi-layi ba.
> Ɗango: layi ɗaya na waƙa.
> Baiti: ɗangwayen da aka tara wuri ɗaya. Mai ɗango biyu shi ne ƙwar biyu, mai biyar ƙwar biyar.
> Amsa-amo: gaɓar da ake maimaitawa a ƙarshen ɗango ko baiti. Wasu suna cewa ƙafiya.
> Jigo: babban saƙon da rubutu yake ɗauke da shi.

Dalili biyu suka sa wannan tsari ya dace da mu. Na farko mai sauƙi ne: wanda bai daɗe da koyon karatu ba, shafin da ya cika maƙil da baƙi yana karya masa gwiwa, amma ɗango kamar loma yake, ana ɗauka ɗaya a haɗiye kafin a kai hannu ga ta gaba. Ga amsa-amo kuma yana taimakon kunne, mai karatu yakan hango kalmar ƙarshe tun bai kai gare ta ba.

Na biyu ya fi nauyi, kuma a kansa darasin nan ya dogara. A al'adarmu ƙauna mai zurfi ba a cika furta ta ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alhali kowa ya san matsayinsa a zuciyarta. Ɗa ba ya tsayawa gaban mahaifinsa ya ce yana ƙaunarsa, sai dai ya karɓi kayan da ke hannunsa ya shimfiɗa masa tabarma. Abzinawa ma suna da irin wannan kunya da kamun kai, musamman a gaban manya da surukai. Marubucin zube in ya zo kan irin wannan wuri yakan ga dole ya yi bayani, ya ce wance ta ji kaza a ranta, sai bayanin ya tona abin da al'ada ta rufe, mai karatu ya ji wani iri. Waƙa ba ta da wannan dole. Tana iya nuna hannun da ke aiki ta yi shiru, filin da aka bari a gefen ɗango ya ɗauki sauran.

Misali na farko

Ga wata yarinya da mahaifinta yake aikin dare a tashar wuta ta Anu Araren. An ƙirƙire ta ne don wannan darasi. A zube za a rubuta: "Mahaifina yana shan wahala saboda mu, ina tausayinsa ƙwarai, amma ban taɓa gaya masa ba." Jimlar daidai take, sai dai ta faɗi komai ta gama. Ga yadda za a zuba abin a ƙwar biyu:

Da magariba Baba ya ɗau jaka,
Ya nufi gidan da ake yin wuta.

Fitilar da nake bitar darasi,
Da gumin goshinsa ake kunna ta.

Da asuba na dafa masa shayi,
Ya sha, ya yi hamdala, ya kwanta.

Takalminsa na goge, na jingine,
Sauran maganar, zuciya ta riƙe ta.

Mu bi su a hankali. Baiti huɗu ne, kowane da ɗango biyu. Ƙarshen kowane baiti ya faɗa kan gaɓar "ta", wannan shi ne amsa-amonsu. Akwai labari, domin an fara da magariba an ƙare da asuba, an fita an dawo. Jigon shi ne ƙaunar ɗiya ga mahaifinta, amma ku duba ku gani, babu kalmar so ko ƙauna ko tausayi ko sau ɗaya a ciki. Shayi da takalmi suka yi aikin. Wanda zai tsara irin wannan sai ya fara tambayar kansa abin da mutumin nan yake yi da hannunsa, kafin ya tambayi abin da yake ji a ransa.

Gadon da muka tarar

Wani zai yi tsammani sabon abu ake kawo mana, alhali ba da labari cikin baitoci ya girmi ƙagaggen labari na zube a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara tarihin mahaifinta da hijirarsa daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804 cikin waƙa da Fulatanci, aka mayar da ita Hausa da sunan *Waƙar Gewaye*. Labari ne sosai, da wurare da mutane da tafiya da tsoro da nasara, kuma ɗiya ce take ba da labarin ubanta. Mutanen Abzin suna da rabo a wannan tarihi, tun da a Agadas Shehu ya je neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abin da ya fi jan hankali a ayyukan Asma'u game da darasinmu shi ne marsiyyoyinta. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa ƙawarta A'ishatu, ta yi wa wasu mata malamai na zamaninta. Malama ce da ba wanda zai zarga da wasa da addini, amma ta ga ya dace ta sa ƙaunar ɗan'uwa da ta miji da ta ƙawa a baiti, ta kuma bar ɗalibanta mata da ake kira ƴan taru su haddace waƙoƙinta su kai ƙauyuka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa magabatanmu ba su taƙaita ƙauna ga zance da lefe ba.

Sama da duka akwai bege. Duk garin da ake Mauludi an san yadda *Ishiriniya* take sa dattijo hawaye, an kuma san *Imfiraji* ta Aliyu Namangi, makahon Zariya, wadda almajirai da makafi suka yaɗa a kasuwanni da tashoshin mota har ta zama ta kowa. A waƙoƙin bege ne Bahaushe ya fi sakin zuciyarsa, ya ambaci kewa da rashin barci da ƙagautar isa Madina ba tare da jin kunya ba. Matashin da ya tashi yana jin su ya riga ya san yadda ake faɗin ƙauna da ladabi, ko da bai lura ba.

Abzinawa kuwa gwanaye ne a wannan fage. Mace ce take goga anzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2013, maza kuma su rera baitoci a kansa. A waƙoƙin Abzin da Musa Albaka da Dominique Casajus suka tattara suka buga a 1992, mawaƙi yakan ba da labarin tafiyarsa shi kaɗai a kan raƙumi, ya ambaci rijiyoyi da kwaruruwan da ya ratsa, da zangon da ya tarar an tashi, da wadda yake nema. A can son mace da son ƙasa da son raƙumi sun cuɗe wuri ɗaya, ba a iya raba su. Masu gita na yanzu sun gaji wannan kewa. Mdou Moctar ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko, *Anar*, da salon kiɗan finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara. Ke nan adabin Hausawa da na Abzinawa sun daɗe suna shan ruwan juna, kuma yaron Arlit ko Anu Araren yana da kunne a duka biyun.

> AKWATIN KALMOMI (2)
> Bege: waƙar ƙauna da kewar Manzon Allah (SAW).
> Marsiyya: waƙar da ake tsarawa don tunawa da wanda ya rasu.
> Murya: wanda yake magana a cikin waƙa. Ba lalle ne ya zama marubucin ba.

To, ina aka samu ƙuncin? Littattafan soyayya na Kano sun yi aiki babba, kuma bai kamata a rage musu daraja ba. Daga *So Aljannar Duniya* na Hafsatu Abdulwaheed da aka buga a 1980, zuwa *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, da *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu, sun sa dubban mata sun dage da karatun boko don su karanta da kansu, sun kuma ɗaga murya kan auren dole da cire yarinya daga makaranta. Amma kasuwa tana bin abin da ya fi fita. Da aka ga labarin saurayi da budurwa da iyayen da suka hana shi ake saye, sai marubuta da yawa suka tsaya a kansa, finafinai suka bi su, har kalmar soyayya ta koma nufin wannan kaɗai a kunnen yara. Waƙa ta riƙe faɗin amma ta bar ba da labari, zube ya riƙe labari amma ya rage faɗin. Labari cikin waƙa shi zai sake haɗa su.

Murya fiye da ɗaya

Akwai wata dabara da wannan tsari ya fi kowane iyawa, wato a bar mutane da dama su yi magana a kan abu ɗaya, kowa da waƙarsa. Okot p'Bitek na Yuganda ya tsara *Song of Lawino* da harshensa na Acoli, aka buga ta da Ingilishi a 1966. Mace ce take kuka da mijinta ɗan boko da ya raina ta. A 1970 sai marubucin ya fitar da amsar mijin a wani littafi, mai karatu ya ji ɓangare biyu ya yi hukunci da kansa. A Amurka da Ingila kuwa irin waɗannan littattafai na matasa sun yi ƙarfi a shekarun baya-bayan nan, kuma abin lura shi ne waɗanda suka fi samun karɓuwa ba a kan zance suka tsaya ba. *The Crossover* na Kwame Alexander, da ya ci lambar Newbery a 2015, labarin tagwaye ne masu wasan ƙwallon kwando da mahaifinsu marar lafiya. *One* na Sarah Crossan, da ya ci lambar Carnegie a 2016, labarin ƴan'uwa mata biyu ne da aka haifa a manne. *The Poet X* na Elizabeth Acevedo, na 2018, yarinya ce tsakanin mahaifiya mai tsananin riƙo da addini da kuma son da take yi wa waƙa. Akwai saurayi ko budurwa a cikinsu, amma a gefe suke, gida ne a tsakiya.

Misali na biyu

Iyali ne suke barin Akokan bayan aikin maigida ya ƙare. Su ma ƙirƙira ce. Ga muryar uwa, tana magana a kan maƙwabciyarta Ba'abziniya:

Maƙwabciyata ta zo da cuku,
Ta ƙulle shi a gefen zanena.

Shekara ashirin muna raba gishiri,
Ita ce ta yanke cibiyar ɗana.

Ta ce in gai da Maraɗi, ta juya,
Don kada ta ga ruwan idona.

Ga kuma muryar ɗan, yana magana a kan abokinsa, a safiyar tafiyar, a bakin mota:

Na miƙa masa ƙwallon.
Ya ce, tafi da shi, naka ne.
Na ce, a can akwai wani.
Mun san babu.
Direba ya ta da mota.

Abu ɗaya ne ya faru, amma an samu ƙauna iri biyu: ta maƙwabtaka da ta abota. Uwa ta yi magana da amsa-amon "na", a natse, irin ta manya. Yaron ya yi tasa a gutsure, babu amsa-amo, kamar yadda yaro yake magana in abu ya tsaya masa a wuya. Bambancin tsarin shi ya nuna bambancin shekaru ba tare da an faɗa ba. Da za a ci gaba, sai a ba uba murya, da kakar da ke jira a ƙauye, da yarinyar da yayan yaron yake so wadda ba ta fito rakiya ba. Soyayyarsu za ta shigo a matsayin ɗaya daga cikin biyar, kuma a nan ne za ta fi kama da gaskiya, domin a rayuwa ma haka take zuwa, a tsakiyar dangi.

Abin da masu suka suke cewa

Suka ta farko ita ce ta tarbiyya, kuma ta iyaye ce masu kishin ƴaƴansu, don haka a saurare ta da kyau. Suna cewa duk littafin da ya ambaci so yana buɗe wa yaro ido kafin lokaci. Gaskiya ne akwai rubuce-rubucen banza, kuma ba kowane abu aka rubuta da Hausa ya cancanci shiga gida ba. Amma mu duba abin da hani ya haifar. A 2007 an ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, aka tsananta tace su. Karatun bai tsaya ba, ya koma waya. Yau labaran suna yawo a WhatsApp da Facebook, inda ba mai tacewa kuma uwa ba ta ganin bangon littafi balle ta tambaya. Yaro ba zai daina neman wanda zai yi masa magana a kan abin da ke ransa ba, abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi wanda zai yi maganar. Waƙar da ba ta wuce shafi ɗaya ba uwa tana iya karanta ta tare da ɗiyarta bayan sallar isha'i, su yi magana a kan yarinyar cikin labari, alhali kowace ta san da wa ake. Wannan hanya ce da kunya ta yarda da ita.

Suka ta biyu, cewa labari cikin waƙa kayan Turawa ne, Nana Asma'u ta riga ta amsa ta. Ko labarin Laila da Majnun da kowa ya sani, a baitoci Nizami ya tsara shi da Farisanci tun ƙarni na 12.

Ta uku daga masana waƙa take fitowa, kuma tana da ƙarfi. Suna cewa layukan da ba su da amsa-amo ba su da kari, wato ma'aunin waƙa, irin na yaron nan a misali na biyu, zube ne aka daddatsa aka kira shi waƙa. A wani ɓangare suna da gaskiya. Yanka jimla gida uku ba ya mayar da ita baiti, kuma da yawa masu yin haka gudun wahalar koyon kari suke yi. Shawarar da ta fi ita ce mai koyo ya fara da ƙwar biyu mai amsa-amo, ya rera ta da baki ya ji inda ta yi tuntuɓe, domin rubutacciyar waƙar Hausa don kunne aka yi ta tun asali. Sai dai kada a manta waƙar baka. Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ba su dogara da amsa-amo ba, kiɗa da amshi da numfashi suke yanka musu layi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba waƙa suke yi ba. Saboda haka ma'aunin shi ne ko yankan yana da dalili. A muryar yaron, "Mun san babu" ta tsaya ita kaɗai domin a nan maganar ta ƙare masa. In aka haɗe ta da layin da ke sama, nauyinta ya tafi. Duk layin da za a iya haɗewa ba a rasa komai ba, to masu sukar sun yi daidai a kansa.

Ta huɗu ita ce wadda aka fi ji a bakin maza a majalisa: garin da aiki ya yi ƙaranci, ga zancen ƙura da ruwan sha da lafiyar tsofaffin ma'aikata, wa yake ta waƙa? Ba wanda zai ce baiti yana maye gurbin albashi. Amma a duba fim ɗin da Amina Weira ta yi a 2016 a kan Arlit. Ta hanyar mahaifinta, tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta shiga maganar, kuma saboda ɗiya ce take tambayar uba shi ya sa mutanen da ba su taɓa jin sunan garin ba suka tsaya suka saurara. Labarin ƙauna in an ba da shi da gaskiya dole ya biya ta wurin aiki, da asibiti, da tashar mota, domin a nan mutanen da muke ƙauna suke yini. Rahoton hukuma zai faɗi yawan waɗanda suka bar aiki, ba zai faɗi wanda ya yanke cibiyar ɗan wani ba. In mutanen Anu Araren da Arlit ba su rubuta wannan da kansu ba, baƙo ne zai zo ya rubuta abin da ya gani cikin mako guda. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma masu fitowa daga ajin yaƙi da jahilci suna bukatar abin karantawa da ya shafe su, in ba haka ba baƙin da suka koya zai gudu cikin shekara ɗaya ko biyu.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin zube da labari cikin waƙa? Ka ba da amsa da kalmominka.
2. A misali na farko, baiti nawa ne, ɗango nawa ne? Wace gaɓa ce amsa-amo?
3. Waɗanne abubuwa biyu yarinyar ta yi da suka nuna ƙaunarta ga mahaifinta?
4. Kawo mutum uku da Nana Asma'u ta yi wa marsiyya, ka faɗi dangantakarta da kowane.
5. Wa yake goga anzad a al'adar Abzinawa, wa kuma yake rera baitocin?
6. Me ya sa muryar uwa take da amsa-amo a misali na biyu, ta ɗan kuwa ba ta da shi? Kana ganin ya dace?
7. Cikin suka huɗu da aka kawo, wacce ta fi ƙarfi a ganinka? Ku tattauna biyu-biyu, sannan kowa ya faɗa wa aji dalilin abokinsa.
8. Tsara baiti biyu ko uku na ƙwar biyu da muryar uban da ke barin Akokan. Kada ka sa kalmar so ko ƙauna a ciki. Rera su da baki kafin ka rubuta.